Jirgin tseren nan na mutum biyu da ake rataya a gefensa, wai waye ainihin direban?

Bakatsine_92:
Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya da daddare zafi ya hana ni barci ga babu wuta, sai na shiga YouTube ina ta yawo har na faɗa kan bidiyon tseren jiragen ruwa na Olamfik ɗin da aka yi a Faransa a 2024. Ƙaramin jirgi ne babu inji, sai wata doguwar sanda da ƙyallaye manya manya, mutum biyu a kai, kuma wlh ba ma a cikin jirgin suke ba, ƙafafunsu ne kawai a bakinsa sun kwanta a iska sun rataya da wata waya, bayansu saura kaɗan ya taɓa ruwa. Wai sunansa 49er. Na kalla ya fi sau biyar. Tambayata biyu ce. Ta farko waye direba a cikinsu, don ni na ga na bayan ne yake riƙe da sandar tuƙi, na gaban kamar yaron mota ne yana ta jan igiya, to don me za a ba su zinare iri ɗaya? Ta biyu mai sharhin ya ce jirgin yana iya fin iskar da ke tura shi gudu, wannan kam ban yarda ba, ya za a yi abin da ake turawa ya fi mai tura shi sauri?

Nura_Kofar_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Ni ma na taɓa gani. Ina jin tsawonsa ƙafa 49 ne shi ya sa ake ce masa haka

AbbaSoton:
A'a Malam Nura, ƙafa 49 ai babban jirgi ne mai ɗakin kwana. Wannan tsawonsa mita 4.99 ne, daga nan sunan ya fito. Yawancin jiragen nan haka ake raɗa musu suna, akwai 470 mita huɗu da santimita saba'in, akwai 420 na masu koyo, akwai 505. Wani ɗan Ostireliya ne Julian Bethwaite ya zana 49er ɗin, kuma a Olamfik ɗin Sydney na 2000 aka fara tsere da shi. Gangar jikinsa kilo 94 ce kacal, wato ƙato ɗaya ma zai iya fin jirgin nauyi, amma ƙyallen da ke kansa ya isa ya ja jirgin da ya ninka shi. Abin da ya sa kuka ga sun rataye kenan, nauyin jikinsu ne kaɗai yake hana iska kifar da shi.
Maganar yaron mota kuwa Bakatsine, dan Allah janye ta, zan dawo in yi bayani in na fito daga lakca.

Malam_Fizis:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu tunda ita ce ta ɓangarena. Ɗan uwa, da a ce iskar tana bayanka sak kana tafiya inda take tafiya, to gaskiyarka, ba za ka taɓa wuce ta ba, da zarar ka kamo saurinta ƙyallen zai saki. Amma su ba haka suke tafiya ba, a karkace suke yankar iskar. Ƙyallen nan ba buhu ba ne da iska ke cikawa, fiffike ne irin na jirgin sama aka tsayar da shi a tsaye, iska tana bi ta gefensa biyu tana tsotsar sa. A ƙarƙashin jirgin kuma akwai wani dogon allo siriri da ake zurawa cikin ruwa, shi ke hana jirgin zamewa gefe. Ka ɗauki jiƙaƙƙen sabulu ka matse shi tsakanin tafukanka, hannunka ɗan motsi kaɗan ya yi amma sabulun ya yi tsalle ya bar wurin. To iska tana matsa daga sama, ruwa yana tokarewa daga ƙasa, jirgin sai ya sulluɓe gaba.
Sai abu na biyu. In ka hau babur ranar da ko ganye ba ya motsi ai kana jin iska a fuskarka, wannan gudunka ne ya haife ta. Jirgin nan ma in ya fara gudu yana haifar wa kansa iska, ta haɗu da ta Allah, ƙyallen ya ƙara samun ƙarfi, ya ƙara gudu. Babban abin da ke tsayar da shi shi ne jan da ruwa ke yi wa cikinsa, shi kuma an yi shi shafal ne mara nauyi, in ya ɗau wuta tasowa yake ya riƙa sulu a saman ruwa maimakon ya riƙa keta shi.

Bakatsine_92:
Malam na gode, misalin sabulun ya shige ni. Na babur ɗin ne dai har yanzu nake juyawa, kamar mutum ya ce zai ɗaga kansa da igiyar wandonsa

Malam_Fizis:
Ba haka ba ne, don in iskar Allah ta ɗauke gaba ɗaya jirgin tsayawa yake cak. Ƙarfin daga gare ta yake zuwa, gudun jirgin yana ƙara yawan iskar da ƙyallen ke yanka ne kawai a kowane daƙiƙa.

Sani_Damagaram:
Ina wuninku. Maganar Malam ta ɗaukewar iska gaskiya ce, ni ganau ne. A Marseille nike aiki shekara shida kenan, kuma nan ne aka yi tseren, ba a Paris ba. Ranar da za a yi zagayen ƙarshe na maza mun tahi bakin teku ni da wani abokina, rana kamar ta gida, mutane cike da tutoci, aka fara tsere sai iska ta mutu aka soke, aka sake farawa ta sake mutuwa aka sake sokewa. Haka muka koma gida ba mu ga komi ba, sai washegari aka yi, 'yan Sifaniya Diego Botín da Florian Trittel suka ɗauki zinare, New Zealand ta biyu, Amurka ta uku. Abin da ya ba ni tausai shi ne ganin yaran zaune bisa ruwa awa da awanni cikin rana suna jiran abin da ba hannun kowa yake ba. Kuma daga bakin teku gaskiya ba ka gane wa ke gaba, sai ka dubi babban allon talabijin da aka kafa.

Dan_Yawuri:
Ni ɗan masunta ne, a bakin ruwa na tashi, mahaifina har yau yana fito da mutane. Ban san wannan jirgin naku ba amma tambayar Bakatsine ta farko a wurinmu ba ta da gardama. Na baya shi ne mai jirgi. Shi ke ganin ruwa, shi ya san inda dutse yake da inda ruwa ke juyawa, na gaba ƙarfi kawai yake bayarwa. In jirgi ya kife ba wanda zai tambayi na gaba, na baya za a tambaya. Ko a Rigata, bikinmu na tseren kwalekwale, in ka duba haka ne.

AbbaSoton:
Na dawo. Dan_Yawuri ina girmama maganarka, a kwalekwale haka ne, amma a wannan jirgin aikin a rabe yake ta yadda ba za ka ce ga mai jirgi ba. A 49er in ana haurawa wajen da iska ke fitowa, igiyar babban ƙyallen a hannun na gaba take, ba a hannun matuƙi ba. Wato na baya yana da sitiyari amma totur yana hannun na gaba. In iska ta bugo da ƙarfi shi zai sassauta, in ta lafa shi zai ja, kuma abu ne na ƙiftawar ido, in ya makara sun sha ruwa. In suka zagaya alamar da aka kafa a ruwa suka juyo, shi zai ruga cikin jirgi ya ja igiya ya ɗaga wancan ƙaton ƙyallen mai kala na gaba wanda ake ce wa sifinika, faɗinsa ya kusa murabba'in mita 40, ya fi falon gidaje da yawa, sannan ya koma kan waya yana sarrafa shi da hannu.
Ni ban taɓa hawa 49er ba, ba a ba ɗan koyo. A kulob ɗin makarantarmu a nan kudancin Ingila da 420 na fara, sai bara wani ɗan ajinmu da ya taso cikin abin ya ɗauke ni a 29er, ƙanin 49er ne, mutum ɗaya ne ya zana su, shi na gaba ne kawai ke rataya. Ana ɗaura maka wata ɗamara mai ƙugiya a daidai cibiya, ka maƙala ta a zoben wayar da ta sauko daga saman sanda, ka tura ƙafa ka miƙe. Wlh lokacin da na fara miƙewa sosai na ji jirgin ya daidaita a ƙarƙashin tafin ƙafata ya tashi, ƙarar ruwan ma ta canza ta koma kamar ana yaga yadi, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ba a yi minti biyu ba iska ta ɗan faɗa, ban shigo da wuri ba, jirgin ya rinjayo kaina muka kife. Watan Maris ne, duk da rigar roba da ke jikina sanyin ruwan sai da ya ɗauke min numfashi. Abokina ya ce in saki ƙugiya tukuna kafin komai, sannan ya hau kan allon nan na ƙasa da Malam ya faɗa ya tsaya a kai da nauyinsa har jirgin ya miƙe. Kifewar nan laifina ce ni na gaba, shi matuƙin bai yi kuskuren komai ba. To ka ga.

Dan_Yawuri:
To ai ka faɗa da bakinka, shi ya ce ka saki ƙugiya, shi ya tada jirgin. Mai ba da umarni shi ne mai jirgi ƙanena.

AbbaSoton:
Don ya fi ni sani ne Yaya, ba don yana baya ba

Ummu_Haidar:
Ni tsoro ma abin ya ba ni. Abba ka riƙa kula dan Allah, iyayenka karatu suka tura ka. Amma ina da tambaya, mata ma suna yi ne? Na ga kamar akwai masu gashi a ɗaure a wani hoto

Zee_Kaduna:
Suna yi Anti, nasu sunansa 49erFX. Jikin jirgin ɗaya ne da na maza, sandar ce aka rage mata tsawo aka rage ƙyallen saboda mata ba su kai maza nauyi ba. A Rio 2016 aka fara, kuma 'yan Burazil Martine Grael da Kahena Kunze ne suka ci a gidansu, suka sake ci a Tokyo. Ita Martine ɗin babanta Torben Grael lambobin Olamfik biyar gare shi a tseren jirgi, gado ne. Na 2024 kuma 'yan Holan ne suka ci, har ma a zagayen ƙarshe suna kan gaba suka ɗauka sun riga sun ƙetare layin gamawa ashe ba su kai ba, kafin su farga jirage biyu sun wuce su, Allah ya taimake su makin da suka tara a baya ya ishe su.

Sani_Damagaram:
Wannan a gabana aka yi, rana ɗaya da na mazan. Faransawa suka zo na uku, in kin ji ihu a bakin tekun nan

Bakatsine_92:
Tsaya, ya za a yi a wuce ka kuma ka ci zinare?

Zee_Kaduna:
Ba tsere ɗaya ba ne. Kwanaki ake yi ana tsere goma sha wani abu, kowanne kamar rabin awa. Na ɗaya maki 1, na biyu maki 2, haka haka, mai ƙarancin maki shi ya ci, kuma ana yafe maka mafi muni guda ɗaya. A ƙarshe jirage goma na sama su yi zagayen lamba wanda makinsa ninki biyu ne. Haka dai aka yi har 2024.

Engr_Bash:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Wannan wasan masu kuɗi ne kawai. Ku duba ƙasashen da kuke ta lissafowa, Sifaniya, Holan, Amurka, Ostireliya. Wanda ya fi kuɗi ya sayi jirgi mafi kyau ya ci, ba wani na gaba ba wani na baya. Akwai baƙar fata ko ɗaya a ciki?

AbbaSoton:
Injiniya rabin maganarka gaskiya ce. Abin da tsada, sandar ma da kabon ake yin ta, ga kuɗin jigilar jirgi ƙasa ƙasa, ga koci da jirginsa mai inji yana bin ka. Amma ba a sayen jirgi mafi kyau, doka ce duk iri ɗaya ne, kamfanoni ƙalilan aka ba izinin ƙerawa kamar Ovington a Ingila da Mackay a New Zealand, kuma kafin gasa sai an auna an duba. Ga ma hujja. A Olamfik ɗin 2008 a Qingdao ta ƙasar Sin, 'yan Denmak Jonas Warrer da Martin Kirketerp suna kan gaba a maki, suna fita zagayen ƙarshe sandarsu ta karye saboda iska da igiyar ruwa. Suka koma gaɓa da gudu, 'yan Kuroshiya da ba su samu shiga goman ƙarshe ba suka ara musu nasu jirgin, suka fito da tambarin Kuroshiya a ƙyalle, sun makara da kusan minti huɗu, ranar kusan kowa sai da ya kife, suka lallaɓa suka gama na bakwai kuma ya ishe su zinare. An kai ƙara har kotun wasanni amma aka bar musu. Da jirgin aro fa.

Engr_Bash:
Labarin ya yi daɗi amma bai amsa tambayata ta ƙarshe ba

Kabiru_Jos:
Akwai. Asenathi Jim na Afirka ta Kudu ya je Olamfik sau biyu, 2012 da 2016, a jirgin 470, kuma shi ne matuƙi, abokinsa Roger Hudson ne a waya. Angola ma ta sha kai jirgi a 470. Ba su ci lamba ba amma sun je. Ni 470 ɗin ma ya fi burge ni, tsohon hannu ne, wani Bafaranshe André Cornu ya zana shi a 1963 kuma tun 1976 yake Olamfik, ba ya gudun 49er amma ana cewa ya fi buƙatar dabara don komai nasa ana iya saitawa. A 2024 aka mai da shi dole mace ɗaya namiji ɗaya, 'yan Ostiriya suka ci, kuma macen ce Lara Vadlau take tuƙi namijin yana rataye.

Ummu_Haidar:
To Dan_Yawuri ka ji, a nan macen ce mai jirgi kenan

Dan_Yawuri:
In ita ke baya ita ce Hajiya, ban canza magana ba.
Amma wani abu ya tsaya min a rai tun da Abba ya ba da labarinsa. Su suna kifewa su tashi su ci gaba kamar ba a yi ba, saboda kowa da rigar ruwa a jikinsa ga jirgin ceto a kusa. Mu a nan jirgi ɗaya in ya kife gari guda ne ke zaman makoki, wanda ya san abin da ya faru a Warrah a 2021 ya san me nake faɗa. Ni ba tseren nake sha'awa ba, rigar nan nake so in gani a jikin kowane fasinja ranar kasuwa.

Malam_Fizis:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Maganarka dutse ce.

Ummu_Haidar:
Amin ya Allah

Hamza_PortSudan:
Amin. Ina ta karantawa ban sa baki ba. Kuna ta cewa ƙyalle ƙyalle, mu a nan shira'i muke cewa kamar yadda Larabawa ke faɗa, kuma tsofaffin masunta na Bahar Maliya sun san hawa iska a karkace tun kafin a haifi kakan mai 49er. Ba a fuskantar iska kai tsaye, sai ka yi dama ka yi hagu kamar mai hawa dutse da jaki. Shin a Hausar Najeriya akwai sunansa na asali?

Nura_Kofar_Ruwa:
Na taɓa jin filafilai

Dan_Yawuri:
Filafili a wurinmu abin tuƙi ne na hannu. A bar shi a ƙyallen kowa ya gane.

Tijjani_Eko:
Masu son gani da ido ba sai sun je Turai ba, a Legas akwai kulob ɗin masu jirgin iska tun 1932, ƙarshen mako in kana wajen tashar ruwa za ka hango fararen ƙyallaye suna yawo tsakanin manyan jirage. Ban dai taɓa ganin irin wanda ake rataya a gefensa nan da Bakatsine ya faɗa ba.

Kabiru_Jos:
Dawowa kan tambayar farko, ku duba Peter Burling da Blair Tuke na New Zealand. Azurfa a 2012, daga nan shekara huɗu ba wanda ya doke su a babbar gasa har suka ɗau zinare a Rio, suka sake azurfa a Tokyo bayan 'yan Birtaniya. Burling ne matuƙi kuma sunansa ya fi fita, amma da aka ɗauke shi zuwa gasar manyan jiragen iska ta America's Cup ai tare da Tuke aka ɗauka, suka ci a 2017. Da na gaba ƙarfi ne kawai da sai a nemo wani ƙato a ba shi.

Engr_Bash:
Amma kai ma ka ce sunan matuƙin ya fi fita. Duniya ma ta yarda da Dan_Yawuri

Zee_Kaduna:
Sunan ɗan gaba ma ya fi na gola fita a ƙwallo, sai ka cire golan mu gani

AbbaSoton:
Wani abu da ba a gani a bidiyo shi ne magana. Bakinsu ba ya shiru. Ɗaya yana kallon ruwa can gaba, in ya ga wuri ya yi duhu ya san iska ce ke tafe sai ya fara ƙirga wa ɗan uwansa uku biyu ɗaya, ɗayan yana kallon sauran jirage yana lissafin wa ke da hanya, don doka ce wanda iska ke shigo masa ta hagu shi zai kauce wa wanda take shigo masa ta dama. Lokacin juyawa kuma dole su saki waya tare, su tsallaka tare a guje ta ƙarƙashin ƙyalle, su maƙala a ɗaya gefen tare. In ɗaya ya riga ɗaya da taku guda jirgin ya tafi. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun shekara takwas ko goma ba su rabu ba, har nauyin jikinsu tare ake lissafa shi, in ɗaya ya rame ɗayan sai ya ƙara ci.

Bakatsine_92:
Na koma na sake kallo yanzu da aka kawo wuta, na sa ido a kan na gaban kawai. Gaskiya na janye yaron mota, bawan Allahn nan hannunsa bai tsaya ba ko sau ɗaya, kuma da suka zagaya alamar shi ya shige ya ja igiyar nan kamar mai jan guga har ƙyallen mai tuta ya buɗe. Amma fa har yanzu in aka ce in nuna direba na bayan zan nuna.

Dan_Yawuri:
Jibi zan je gida in sha Allah, zan nuna wa Baba bidiyon a waya in ji me zai ce. Abba turo min wanda aka kife aka tashi, shi nake so ya gani.

AbbaSoton:
To Yaya, bari in nemo na 2008 ɗin, shi ya fi nuna yadda ake hawa allon